Tseren Babura Na Paris-Dakar: Shigowarsa Nijar, Fitarsa, Da Halin Da Sana'ar Ke Ciki A Yau

A cikin watan Janairun 2000 ayarin tseren Dakar ya iso Yamai daga Wagadugu, da babura da ƙananan motoci da manyan motocin kaya. Bisa tsarin da aka yi, zango na gaba shi ne Damagaram, daga nan Agadas, sai Dirku, kafin a tsallaka Libiya. Babbar hanyar Yamai zuwa Damagaram kuwa ta Takeita take bi, wato mararrabar da ake saukowa kudu zuwa Kance da Matameye. Amma ayarin bai taɓa isowa ba. Hukumomin leƙen asiri sun gargaɗi masu shirya gasar cewa 'yan bindigar Aljeriya na shirin tare su a hamada, don haka aka soke zangunan Nijar da suka rage, aka kawo manyan jiragen dakon kaya samfurin Antonov 124, aka kwashe babura da motoci daga filin jirgin Yamai zuwa garin Sabha na Libiya. Tun daga wannan shekara tseren bai sake taka ƙasar Nijar ba.

Matashin da ke kabu-kabu a tashar Matameye yau, da wuya ya san cewa shekaru kusan 20 ƙasarsa ce zuciyar tseren babura mafi suna a duniya. Labarin ya cancanci a sani, domin yana nuna yadda sana'ar tsere ke tashi da yadda take faɗuwa.

Asalin tseren

Wani Bafaranshe mai suna Thierry Sabine ne ya ƙirƙiro gasar. A 1977 ya shiga tseren Abidjan zuwa Nice a kan babur, ya ɓace a hamadar da ke tsakanin Nijar da Libiya, aka ceto shi da ƙyar. Maimakon wannan ya sa ya tuba da hamada, sai ya koma gida da shawarar ya kawo wasu su ga abin da ya gani.

A ranar 26 ga Disamban 1978 ababen hawa 182 suka tashi daga birnin Paris. Sun ƙetara teku zuwa Aljeriya, suka sauko ta Tamanrasset, suka shigo Agadas da Yamai, suka bi ta Gao da Bamako. Guda 74 kawai suka isa Dakar a ranar 14 ga Janairun 1979. Wanda ya zo na ɗaya wani matashi ne, Cyril Neveu, a kan babur Yamaha XT500, babur ɗin da kowa ke iya saye a kanti a lokacin. Daga baya Neveu ya ci gasar har sau 5.

Tsarin tseren bai da wuyar fahimta ga wanda ya san fatauci. Kowace rana akwai zango. Wani ɓangare na tafiyar ana yin sa a kan hanya ba tare da gasa ba, wani ɓangaren kuma ana ƙidaya lokaci. A ƙarshe ana tara sa'o'in kowa, mai mafi ƙanƙanta shi ne gwani. Direban mota yana da abokin zama mai karanta masa hanya, amma mai babur shi kaɗai yake. Yana tuƙi, yana duba takardar hanya da aka naɗe a gabansa, yana duba kamfas, a shekarun da babu na'urar tauraron ɗan adam. Idan ya isa masauki da dare, wanda bai da kamfani a bayansa shi zai kwance injinsa ya gyara kafin ya rintsa. Shi ya sa ko a cikin 'yan tseren ake ganin masu babur da wata daraja ta daban, kuma su ne suka fi mutuwa.

Shekarun Tenere

A 1983 tseren ya ratsa hamadar Tenere karo na farko. Guguwar rairayi ta taso, 'yan tsere 40 suka ɓace, wasu sun kauce wa hanya da nisa mai yawa. Sabine ya kwashe kwanaki 4 yana shawagi da jirgi mai saukar ungulu har aka gano su duka. Wannan abu ne ya ɗaga sunan gasar a gidajen talabijin na Turai. Daga nan hanyar Agadas zuwa Dirku da Bilma, wadda ayarin gishiri ya daɗe yana bi da raƙuma, ta zama abin da kowane ɗan tsere ke burin ya ce ya ƙetara.

Manyan kamfanoni suka shigo da kuɗinsu. BMW ta ci da Hubert Auriol a 1981 da 1983, sannan da ɗan Beljiyam Gaston Rahier a 1984 da 1985. Honda ta karɓa daga 1986 zuwa 1989. Yamaha ta samu Stéphane Peterhansel, wanda ya ci sau 6 a kan babur tsakanin 1991 da 1998. Auriol, wanda aka haifa a Addis Ababa har Faransawa ke masa laƙabi da ɗan Afirka, shi ne wanda a 1987 ya karye a idon sawu biyu ana saura kwana ɗaya a gama, yana kan gaba, ya kuma tuƙa babur ɗin a haka har ƙarshen zangon.

Shekarar 1986 ce ta fi shafar yankin Damagaram kai tsaye. A wannan karon ayarin ya fito daga Dirku ya bi ta Agadem, inda rijiyoyin man fetur suke a yau, ya sauka a birnin Damagaram, sannan ya kama hanyar Yamai mai tsawon kusan kilomita 900. A ƙasar Damagaram ne ɗan tseren babur Jean-Michel Baron ya faɗi ya bugu a kai. Bai sake dawowa hayyacinsa ba, ya kwanta shekaru 24 har ya rasu a 2010. Kwanaki kaɗan bayan haɗarin nasa, a ranar 14 ga Janairu, jirgin Sabine ya faɗi kusa da Gourma-Rharous a Mali, a zangon da ya taso daga Yamai. Mutane 5 suka mutu, ciki har da Sabine da mawaƙi Daniel Balavoine, wanda ya biyo ayarin don aikin kafa famfunan ruwa a ƙauyuka. An ƙona gawar Sabine aka watsa tokar a gindin wata bishiya da ke tsaye ita kaɗai a arewacin Tenere, wadda har yau ake kira da sunansa. Kada a haɗa ta da sananniyar bishiyar Tenere da wani direban babbar mota ya kaɗe a 1973, wadda kututturenta ke ajiye a gidan tarihi na ƙasa a Yamai.

Wa ya ci riba, wa ya yi asara

A nan ne ra'ayoyi suka rabu, kuma har gobe ba su haɗu ba.

Agadas ta ci moriya, wannan ba abin musu ba ne. Mano Dayak, wanda filin jirgin saman garin ke ɗauke da sunansa, abokin Sabine ne, kuma kamfaninsa na yawon buɗe ido, Temet Voyages, ya yi wa gasar hidima. 'Yan jagora da direbobi da makanikai da maƙeran azurfa da masu masauki duk sun samu. Abin da ya fi kuɗin 'yan kwanakin tseren muhimmanci shi ne tallar da ya yi wa ƙasar. Baturen da ya ga tuddan rairayin Temet ko duwatsun Abzin a talabijin, shi ne ke sayen tikiti a lokacin sanyi na gaba ya zo da iyalinsa.

Garuruwan kudu kuwa ƙura suka fi gani. Ayarin yana zuwa da abincinsa da likitocinsa da jiragensa, ya kwana ɗaya ya wuce. Ga kuma haɗari. Motoci masu gudun da ƙauye bai saba gani ba sun kashe 'yan kallo da masu wucewa a ƙasashe da dama na hanyar, da yawansu yara. A 1988 kaɗai an yi asarar rayuka da dama, har jaridar fadar Fafaroma ta yi tir da gasar. A wannan shekara ce wata babbar motar kamfanin DAF ta wuntsila a Tenere, ɗaya daga cikin mutanenta ya mutu, kamfanin ya janye. Jaridun Turai sun riƙe sunan kowane ɗan tsere da ya mutu. Na 'yan ƙauyen da aka take, mafi yawa ba a ko rubuta su ba. Masu adawa da gasar a Faransa sun daɗe suna cewa rashin kunya ne masu kuɗi su mayar da ƙasashen da ke fama da fari filin wasa, musamman bayan yunwar 1984, kuma maganar tasu ba ta rasa ƙamshin gaskiya ba.

Akwai wani giɓin da ba a cika faɗa ba. Cikin duk shekarun da tseren ya yi yana ratsa Nijar, bai bar filin horo ba, bai bar wata gasa ta cikin gida mai ɗorewa ba, bai kuma fitar da ɗan ƙasa ko ɗaya da ya shiga sahun gwanaye a kan babur ba. Ƙasar ta ba da hamada, wasu suka kawo wasan. Da suka tafi, da wasansu suka tafi.

Yadda aka fita

Ba rana ɗaya abin ya faru ba. Tawayen da ya ɓarke a arewacin Nijar da Mali daga 1990 ya sa hanyar ta zama abin tsoro. A 1991 an harbe wani direban motar kayan ayarin, Charles Cabannes, a Mali. A 1992 aka karkata gasar zuwa birnin Cape na Afirka ta Kudu, ta bi ta gabashin Nijar ta shiga Cadi. Bayan yarjejeniyar zaman lafiya ta 24 ga Afrilun 1995 an yi ƙoƙarin dawowa: gasar 1997 daga Dakar ta tashi, ta zo Agadas, ta koma Dakar. Mano Dayak bai ga wannan ba, domin ya rasu a haɗarin jirgin sama a Disamban 1995. Sai kuma abin da ya faru a Yamai a 2000.

A lokacin gasar ta riga ta koma hannun kamfanin Amaury, mai jaridar L'Équipe da tseren kekuna na Tour de France. Kamfani kuwa lissafi yake yi, da inshora da kwangilar talabijin. A ranar 24 ga Disamban 2007 aka kashe Faransawa 4 'yan yawon buɗe ido kusa da Aleg a Muritaniya. A ranar 4 ga Janairun 2008, ana gobe za a tashi daga Lisbon, aka soke gasar baki ɗaya. Daga 2009 zuwa 2019 aka yi ta a Kudancin Amurka, a Ajantina da Cile da Peru da Boliviya. Daga 2020 ta koma Saudiyya. Sunan Dakar na nan a kan tambari, amma rabon gasar da birnin tun 2007.

A Agadas, tawaye na biyu da ya fara a 2007 da sace-sacen Turawa da suka biyo baya sun ƙarasa kashe yawon buɗe ido. Direbobin da suka san hamada kamar tafin hannunsu suka koma jigilar bakin haure zuwa Libiya, wasu suka nufi haƙar zinariya a Jado daga 2014. Dokar 2015 ta haramta jigilar, aka kuma soke dokar a Nuwamban 2023.

Sana'ar kanta na tangal-tangal

Ko a inda babu bindiga, tseren babura na ƙwararru ba ya cikin kwanciyar hankali. Misali mafi bayyana shi ne tseren da'ira da Turawa ke kira sipidwe. Wannan kishiyar Dakar ne ta kowace fuska. Mutum 4 ne ke tsere a lokaci ɗaya, zagaye 4, a fili mai siffar ƙwai da bai wuce mita 300 zuwa 400 ba, an shimfiɗa masa jar ƙasa. Babur ɗin injin 500cc ne, giya ɗaya, ba ya shan fetur sai wani sinadari da ake kira metanol, kuma ba shi da birki ko kaɗan. Mahayi yana shiga kwana ne ta hanyar zamar da tayar baya, ƙafarsa ta hagu na jan ƙasa da takalmin ƙarfe. Kusan minti ɗaya an gama. Na ɗaya maki 3, na biyu 2, na uku 1, na ƙarshe ba komai.

Daga Ostiraliya wasan ya fito a shekarun 1920, ya isa Ingila a 1928, ya kuma zama wasan ma'aikatan masana'antu. A 1981 mutane sama da 90,000 suka cika filin Wembley don kallon wasan ƙarshe na duniya. Yau birnin Landan ba shi da filin wannan tsere ko ɗaya, tun da aka daina shi a Wimbledon a 2005. Ƙungiyar Coventry ta rasa filinta a ƙarshen 2016. Swindon ta yi tserenta na ƙarshe a 2019. Wolverhampton da Peterborough suka rufe a 2023. Dalilin kusan iri ɗaya ne a ko'ina: ƙungiyoyin haya suke yi a filayen da ba nasu ba, mai fili kuma ya gano cewa gina gidaje ko wata harka ta fi kawo kuɗi. Ga maƙwabta na ƙorafin ƙara, ga 'yan kallo sun tsufa, matasa ba su gaje su ba. Mahayi kuma shi ke sayen baburansa, shi ke biyan makaniki, ana biyansa gwargwadon makin da ya ci. Wanda ya karye, ranar ya daina samun kuɗi.

Ƙasar Polan ce ta fita daban. A can filayen na hukumomin garuruwa ne, talabijin na biyan kuɗi mai kauri, yara na tasowa a makarantun ƙungiyoyi, kuma suna da gwaninsu, Bartosz Zmarzlik, wanda ya zama zakaran duniya sau 5 tsakanin 2019 da 2024. Sai dai ƙarfin Polan ya zama wani ciwon ga saura, domin duk mahayin kirki can yake nufa.

Mai karatu a nan zai gane darasin ba tare da nisa ba idan ya dubi kokowar gargajiya. Tun gasar takobi ta farko a Tawa a 1975, gwamnati ta riƙe ta, kowace jiha na da filinta, rediyo da talabijin na ɗauka, kuma 'yan kokowar 'ya'yan unguwa ne da kowa ya san gidansu. Abin da kokowa ta samu a Nijar shi ne abin da tseren da'ira ya samu a Polan ya rasa a Ingila.

Shi ma Dakar na Saudiyya ba a ce komai lafiya ba. An rage girman injin babura zuwa 450cc tun 2011, an ƙara dokoki kan gudu da rigar kariya bayan mutuwar ɗan Fotugal Paulo Gonçalves a 2020. Kuɗin shiga da na babur da na makanikai sun fi ƙarfin mai sha'awa irin na zamanin Neveu. KTM ta ƙasar Ostiriya, wadda ta ci gasar sau 18 a jere daga 2001 zuwa 2019, bashi ya kai ta gaban kotu a Nuwamban 2024. Wanda ya ceto ta a 2025 shi ne Bajaj na Indiya, wato kamfanin da ke ƙera Boxer ɗin da 'yan acaɓa ke hawa daga Daura har Legas. Wani kamfanin Indiya, Hero, shi ne ya ɗauki Ross Branch ɗan Botswana, wanda ya zo na 2 a Dakar na 2024 ya kuma zama zakaran duniya na tseren hamada a wannan shekara. Ma'ana, kuɗin da ke riƙe da tseren a yanzu, wani kaso nasa daga aljihun masu sayen ƙananan babura a Afirka da Asiya yake fitowa.

Babur a ƙasar Hausa

Abin mamaki shi ne babura ba su taɓa yawa a Damagaram da Matameye da Kance kamar yanzu ba. Kirar Cina da Indiya sun cika kasuwa, makanikai a kowace kwana. Gwanintar ma akwai ta. Duk wanda ya ga yadda samari ke wasa da moto a rakiyar amarya, ko yadda ɗan kabu-kabu ke ratsa rairayi da buhu biyu da fasinja, ya san ba hannu aka rasa ba. Amma wasan na kan titi ne, cikin jama'a, ba hular kwano, ba alƙali, ba motar asibiti. Sakamakonsa karaya ne da rigima da jandarmomi.

Matsalar tsaro kuma ta ɓata wa babur suna a idon hukuma. Kano ta hana ɗaukar fasinja a kan babur a Janairun 2013 bayan harin da aka kai wa Sarki Ado Bayero. An hana hawan babur a jihar Difa a 2015, an kuma yi haka a sassan Tillaberi a farkon 2020, saboda da shi maharan ke zirga-zirga. A irin wannan yanayi, mai neman izinin tara ɗaruruwan babura a daji zai sha tambayoyi.

Akwai gasar da ta gaji tsohuwar hanya, wato Africa Eco Race, wadda aka fara a 2009, tsoffin 'yan Dakar irin su Jean-Louis Schlesser da René Metge suka tsaya mata. Tana ƙarewa a bakin tafkin Lac Rose kusa da Dakar kamar yadda ake yi a da. Ba ta da kuɗi ko 'yan kallon babbar gasar, kuma hanyarta ta gaɓar yamma ce: Maroko, Muritaniya, Senegal. Ba ta shigowa Mali, balle Tenere.